La'ada a Kan Majinyaci: Tarihin Dokokin Hana Dillancin 'Yan Shaye-shaye, Daga Fulorida Zuwa Fadamar Haɗejiya

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Haɗejiya, kuma da wuya a sami babbar kasuwa a masarautar, tun daga kasuwar kifi ta cikin gari har zuwa wuraren da ake auna riɗi da shinkafa da tattasai a Malam Madori da Kafin Hausa da Auyo, wadda ciniki yake tafiya a cikinta ba tare da dillali ba. Dillali shi ne mai shiga tsakanin mai kaya da mai saye, ya san darajar kaya, ya san wanda ake ba bashi ya biya da wanda ba a ba, sa'annan idan ciniki ya faɗa a ba shi la'ada, wato ladan da al'adar kasuwa ta yanka masa. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 kuma ya wallafa littafinsa a 1969, ya nuna cewa fataucin shanu da goro tsakanin arewa da kudu ya tsayu ne a kan masu masauki da dillalansu, domin su ne suke lamunce wa baƙo dukiyarsa a garin da bai san kowa ba. Abin da ya riƙe wa sana'ar mutuncinta shi ne la'adar a fili take: mai kaya ya san da ita, mai saye ya san da ita, kuma kowa ya san ɓangaren da dillali yake yi wa aiki.

Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaurukan ƙasar Hausa, sun halatta ladan dillali a ƙarƙashin ijara da ji'ala, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada sananne, ko yin alkawarin lada ga wanda ya kammala wani aiki. Amma a babin ciniki ɗin nan suka haramta algus, suka haramta najashu, wanda shi ne mutum ya riƙa ƙara farashi alhali ba saye zai yi ba, sai don ya ruɗi wani, suka kuma haramta tarbar fatake a bayan gari kafin su san farashin kasuwa. Waɗannan hane-hanen duk suna komawa ga tushe guda, shi ne kada mutum ya ci riba daga rashin sanin wanda ya amince masa.

Akwai wani nau'in dillanci da ya ginu kacokan a kan wannan abin da aka hana, shi ne karɓar kamasho a ɓoye domin tura mai fama da shaye-shaye zuwa wata cibiyar jinya. Siffarsa ita ce likita, ko ma'aikacin jinya, ko wani da iyali suka nemi shawararsa, ya nuna musu cibiya kaza, ita kuma cibiyar ta biya shi a kan kowane mutum da ya kawo, ba tare da iyalin sun sani ba. A nan majinyacin shi ne hajar, kuma wanda iyali suka ɗauka yana yi musu aiki, ashe cibiyar yake yi wa. Abu mafi muni shi ne shaye-shaye ciwo ne mai yawan komowa, saboda haka duk wanda ake biya a kan kowane kwantarwa, komawar majinyaci ga ƙwaya ta fi warkewarsa kawo masa riba. Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka daɗe suna kokawa da wannan al'amari a dokance ita ce Amurka, kuma tarihin dokokinta ya cancanci a bi shi daki-daki, domin dalilan da suka haifar da su sun fara tattaruwa a arewacin Najeriya.

Tun farkon ƙarni na ashirin likitocin Amurka suka san matsalar raba kuɗin majinyaci, inda likitan tiyata yake yankar wani kaso ya ba likitan unguwa da ya turo masa mara lafiya. Lokacin da aka kafa Ƙungiyar Likitocin Tiyata ta Amurka a 1913, an sa kowane mamba ya yi alkawarin ƙin wannan ɗabi'a, amma alkawari ne na 'yan sana'a, hukuncinsa kora daga ƙungiya. Gwamnatin tarayya ba ta sa baki ba sai da kuɗinta ya shiga ciki. A 1965 aka kafa Medicare da Medicaid, shirye-shiryen da gwamnati take biya wa tsofaffi da matalauta kuɗin magani ta hanyarsu, kuma a 1972 majalisar dokoki ta mayar da bayarwa ko karɓar kamashon tura majinyaci a cikin waɗannan shirye-shirye laifi. A 1977 aka ɗaga shi zuwa babban laifi mai ɗaurin da zai kai shekara 5, a 1987 aka ba ma'aikatar lafiya ikon fayyace hulɗoɗin kuɗi da ba su shiga cikin haramcin ba, sa'annan a 1989 aka zartar da dokar da ake kira da sunan ɗan majalisa Pete Stark, wadda ta hana likita tura majinyaci ɗakin gwaje-gwajen da yake da hannun jari a cikinsa. Dokokin nan duka suna da iyaka guda: suna kare kuɗin gwamnati ne, wanda kuwa kamfanin inshora mai zaman kansa yake biya wa magani, ba su cika kai wa gare shi ba.

Fannin ƙwaƙwalwa da shaye-shaye shi ne ya fara nuna girman ɓarnar. A 1991 bincike ya ɓarke a jihar Teksas a kan asibitocin ƙwaƙwalwa masu zaman kansu, kuma a watan Afrilu na 1992 wani kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Patricia Schroeder ya saurari shaidu a kan yadda ake biyan masu farautar majinyata, da yadda ake riƙe mutum a asibiti har sai kuɗin inshorarsa ya ƙare sa'annan a ce ya warke. A 1994 kamfanin National Medical Enterprises, mai asibitocin ƙwaƙwalwa da na jinyar shaye-shaye da dama, ya amince ya biya dala miliyan 379, bayan reshensa ya amsa laifin biyan kamasho domin a turo masa majinyata. Jihar Fulorida ta yi dokarta ta hana dillancin majinyata a 1996, wadda ta haɗa har da masu inshorar kamfanoni, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, maganin kashe zafin ciwo dangin ofiyom wanda ya buɗe ƙofar annobar da ta cinye ɗaruruwan dubban Amurkawa.

Dokoki biyu da aka yi da kyakkyawar niyya su ne suka zuba kuɗi a cikin jinyar shaye-shaye. Ta 2008 ta tilasta wa kamfanonin inshora su daidaita biyan jinyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye da na sauran cututtuka, ta 2010 kuwa, wadda aka fi sani da sunan Shugaba Obama, ta sa jinyar shaye-shaye cikin abubuwan da dole inshora ta biya, ta kuma bar matashi a kan inshorar iyayensa har ya kai shekara 26. Nan da nan matashi ɗan shaye-shaye mai katin inshora mai kyau ya zama dukiya. A kudancin Fulorida, musamman gundumar Palm Beach da garin Delray Beach, cibiyoyin jinya da gidajen kwana na masu murmurewa suka yawaita, su kuwa waɗannan gidaje ɗakuna ne da ake haya wa wanda ya fito daga jinya domin ya zauna cikin waɗanda suka daina, kuma a lokacin babu wani lasisi da ake buƙata kafin a buɗe su. Dillali yakan nemo matashi daga wata jiha ta arewa ta intanet ko ta layin waya da aka yi wa kamannin taimakon jama'a, a saya masa tikitin jirgi, a ba shi ɗaki kyauta da sigari da kuɗin kashewa, shi kuma mai gidan ya riƙa tura shi wata cibiya wadda take biyansa a kan kowane mako. Ribar ba a jinyar kanta take ba, a gwajin fitsari take, domin ana karɓar fitsarin majinyaci sau da yawa a mako a aika ɗakin gwaje-gwaje, a caji inshora dubban daloli a kan gwajin da bai kai haka ba, shi ma ɗakin gwajin ya mayar wa cibiyar da kasonta. Idan kwanakin da inshora take biya suka ƙare, sai a bar matashin ya koma ga ƙwaya, wani lokaci ma a ba shi da gangan, domin sabon gwaji ya nuna ya koma, inshora ta buɗe sabon lissafi, a sake kwantar da shi a wata cibiyar. An ba kura ajiyar nama ke nan, kuma matasa da yawa a cikin wannan kewayawa suka mutu.

A 2016 babban mai gabatar da ƙara na Palm Beach, Dave Aronberg, ya kafa runduna ta musamman a kan gidajen, aka shiga kame. A watan Mayu na 2017 kotun tarayya ta yanke wa Kenneth Chatman, mai cibiyoyi da gidajen kwana a yankin, ɗaurin shekara 27 da rabi, bayan ya amsa laifin damfarar inshora da halatta kuɗin haram da jefa mata majinyata cikin karuwanci. A shekarar ce Fulorida ta tsaurara dokarta, a watan Satumba kuma Google ya dakatar da tallan cibiyoyin jinyar shaye-shaye a Amurka, bai dawo da shi ba sai a 2018 da sharaɗin a tantance mai talla. Mutanen da suka mutu a Amurka a 2017 saboda shan ƙwaya fiye da kima sun haura 70,000, kuma a cikin wannan yanayi ne sanatoci Marco Rubio na Fulorida da Amy Klobuchar ta Minesota suka gabatar da ƙudurin da ya zama dokar da ake taƙaita sunanta da EKRA, wato dokar kawar da kamasho a harkar murmurewa, wadda Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 24 ga Oktoba, 2018, a cikin babban kundin yaƙi da annobar ofiyom.

Dokar ta haramta nema ko karɓa ko bayarwa ko tayin duk wani abu mai daraja, kuɗi ne ko kyauta, domin tura majinyaci gidan murmurewa ko cibiyar jinya ko ɗakin gwaje-gwaje, ta kuma yanka tarar da za ta kai dala 200,000 da ɗaurin da zai kai shekara 10 a kan kowane karo. Sabon abin da ta zo da shi shi ne ba ta tsaya a kan kuɗin gwamnati ba, ta haɗa da inshorar kamfanoni. Ta bar wa cibiya damar biyan ma'aikacinta albashi, da sharaɗin kada albashin ya riƙa hawa da sauka gwargwadon yawan majinyatan da ya kawo ko gwaje-gwajen da aka yi ko kuɗin da aka caja, kuma wannan sharaɗin shi ne zuciyar dokar, domin ya raba ladan aiki da la'ada a kan kai. Hukunci na farko da aka sani a ƙarƙashinta ya zo a farkon 2020 a jihar Kentaki, inda manajar ofishin wata cibiya ta amsa cewa ta nemi kamasho daga wani ɗakin gwaje-gwaje a kan fitsarin majinyata. A ƙarshen 2021 aka sami wasu 'yan'uwa biyu masu cibiyoyi a kudancin Fulorida da laifi a shari'ar da ta shafi cajin inshora na kimanin dala miliyan 112, inda shaidu suka bayyana cewa ana ba majinyata ƙwaya kafin a kwantar da su domin su cancanci jinya mafi tsada.

Shekarar 2018 ɗin da Amurka ta yi wannan doka ita ce shekarar da Najeriya ta farka a kan nata shaye-shayen. Tun a watan Oktoba na 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben maganin tari mai kodin fiye da miliyan 3 a kullum a Kano da Jigawa, adadin da ya girgiza jama'a ko da yake ƙiyasi ne. A ƙarshen Afrilu na 2018 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da rahoton Ruona Meyer a kan kodin, wanda ya nuna matasa ɗaure da sarƙa a wata cibiyar gyaran hali ta unguwar Dorayi a Kano, kuma ranar 1 ga Mayu ministan lafiya Isaac Adewole ya sanar da hana shigo da maganin tarin da haɗa shi. A watan Janairu na 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. Wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai dangin ofiyom, galibi tiramadol, da miliyan 4.6, sai maganin tari da miliyan 2.4. Arewa maso yamma ta tashi da kashi 12 cikin ɗari, Kano kashi 16, Jigawa kimanin kashi 7, kuma binciken ya ce ɗaya cikin biyar na masu amfani da kayan mayen ya kai matakin da yake buƙatar jinya, alhali tsada da kunya da rashin cibiyoyi sun hana mafi yawansu samu.

A fadamar Haɗejiya al'amarin yana da tasa siffa, domin ƙasa ce ta aikin ƙarfi rani da damina. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda kogin Haɗejiya yake malala, ciyawar kachala ta toshe magudanan ruwa a wajajen Guri da Kiri Kasamma, ta cinye gonaki da wuraren su, aikin ban-ruwa na kwarin Haɗejiya da ke Auyo kuma ya mayar da noman shinkafa da alkama na rani babbar hanyar samun kuɗi. Dashe da yanka da bugu ayyuka ne da ake biya a kan jinga, wato gwargwadon abin da mutum ya gama, kuma a faɗin arewa an san tiramadol a matsayin ƙwayar da ɗan ƙwadago da ɗan acaɓa da mai dako suke sha domin kashe gajiya, musamman mai ƙarfin miligiram 200 da 225 da ake fasa-ƙwaurinta daga Indiya, alhali abin da hukuma ta amince da shi bai wuce miligiram 50 da 100 ba. Wanda ya fara ta wannan hanya ba nishaɗi ya kai shi ba, neman abinci ne, kuma ambaliyar 2020 da ta 2022, waɗanda suka shafe gonaki da gidaje a ƙananan hukumomin masarautar, ba su rage masa nauyin ba.

Inda za a kai shi idan abin ya fi ƙarfinsa tambaya ce mai tsohon tarihi. Bayan da Turawa suka ci Haɗejiya da yaƙi a Afrilu na 1906, dokar da suka kawo a 1916 a kan masu taɓin hankali, wadda ta zama dokar 1958, tsarewa ta sani, ba magani ba, kuma a lardunan arewa galibi gidan yari na En'e ne matsugunin wanda iyali suka kasa riƙewa. Jinyar zamani ta fara ne daga kudu, inda Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin jinya a cikin ƙauyuka a Aro ta Abeokuta a 1954, kuma a asibitin Aro ne aka buɗe sashen jinyar shaye-shaye na farko a ƙasar a 1983. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa da doka ta 48 ta 1989, an gina ta ne a kan kame da gurfanarwa, ko da yake tana da ɗakunan nasiha da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi. Jihar Jigawa, da aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta, 1991, asibitinta na ƙwaƙwalwa yana Kazaure ne, can gefen yamma, shi kuwa mutumin Birniwa ko Guri da zai nufi Kano, asibitin Dawanau ko asibitin koyarwa na Aminu Kano, sai ya fara isa Haɗejiya sa'annan ya ci kusan kilomita 200, ko kuma ya juya gabas ya nufi Maiduguri.

Giɓin nan gidan mari ya cike shi, wato gidan da wani malami yake tsare kangararru da 'yan shaye-shaye da masu taɓin hankali, a sa musu mari a ƙafa, a haɗa musu karatu da horo, iyaye kuma su riƙa biya. Ba za a ce iyayen da suka kai 'ya'yansu ba sa ƙaunarsu ba, domin mafi yawansu sun gwada duk abin da hannunsu ya kai kafin su isa ƙofar. Abin da yake faruwa a bayan ƙofar ya fito fili a 2019: ranar 26 ga Satumba 'yan sanda suka fitar da maza da yara fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa da tabon duka, a watan Oktoba aka fitar da 67 a Daura da 147 a wani gidan na Rigasa, aka kuma kai samame a Katsina da Zariya da Ilori, a watan Nuwamba aka fitar da 259 a Ibadan, kuma a watan ne ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ɗaure masu taɓin hankali ya game cibiyoyin addini da na gargajiya har da wasu na gwamnati. Rufe gidajen daidai ne, sai dai bai rage yawan masu buƙata ba. Ya dai mayar da iyalai kasuwar cibiyoyi masu zaman kansu na birane, inda kuɗin jinya yake da nauyi, inda kuma uba daga ƙauye ba shi da hanyar bambance cibiya mai likita da mai katanga da makulli kawai. Duk inda buƙata ta yi yawa, hanya ta yi nisa, kunya ta hana tambaya a fili, kuma gado guda yana kawo kuɗi mai kauri, to an shimfiɗa wa dillali tabarma.

Cewa kamashon tura majinyaci ya riga ya shiga harkar lafiya a Najeriya ba zato ba ne. A 2020 jaridar Premium Times ta wallafa dogon bincike da ya nuna manyan ɗakunan gwaje-gwaje suna biyan likitoci da asibitoci kaso daga kuɗin duk majinyacin da aka turo musu, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sanar da buɗe bincike. Dokokin da ake da su kowace tana kama gefe guda ne. Kundin hukunta laifuka na arewa na 1959 ya fi mayar da hankali ga ma'aikacin gwamnati da ya karɓi toshiyar baki, haka ma dokar da ta kafa hukumar ICPC a 2000 galibin ƙarfinta a kan jami'an hukuma yake. Ƙa'idojin ɗa'a na majalisar likitoci sun ɗauki farautar majinyata da hulɗar kuɗi marar tsabta a matsayin saɓa wa sana'a, amma iyakarsu likita mai rajista, ba su kai ga mai kyamis ko direba ko mai cibiyar da ba likita ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, babban ci gaba ce wajen haƙƙin majinyaci da neman yardarsa da iyakance tsare shi, sai dai hankalinta yana kan yadda ake riƙe mutum bayan ya shiga, ba kan cinikin da ya kai shi ƙofar ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022, wadda ta wajabta inshora ga kowa, da hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jigawa, idan suka faɗaɗa har suka riƙa biyan jinyar shaye-shaye, alheri ne babba, amma tarihin 2008 da 2010 ya nuna abin da yake biyo bayan kuɗi idan ya riga doka isa.

Kwafo dokar Amurka yadda take ba zai yi wa Haɗejiya amfani ba, kuma dalilin yana cikin ginin dokar. EKRA ta rataya laifin ne a kan jinyar da wani shirin inshora yake biya, saboda a can mai biya kamfani ne mai ajiye takardu, mai lauyoyi, wanda asarar take yi wa zafi har ya kai ƙara. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita, a fadama kuwa ma'anar hakan ita ce uba ya sayar da buhunan shinkafa ko bijimin huɗa ya miƙa kuɗi hannu da hannu, sau da yawa babu rasit, kuma kunyar a san ɗansa yana shaye-shaye ta hana shi kai kuka ko'ina. Dokar da za ta dace da irin wannan wuri dole ta rataya laifin a kan aikin kansa, ko wa ya biya, ta haɗa cibiya mai rajista da marar rajista, ta haɗa likita da wanda ba likita ba, ta kuma wajabta wa kowace cibiya rubuta sunan wanda ya turo majinyaci da bayar da rasit. Haka nan dole ta yi hattara kada ta tsorata masu taimako na gaskiya, domin limami da mai unguwa da ɗan Hisba da ma'aikacin asibitin gari da suke nuna wa iyali hanya su ne kaɗai jagorar da talaka yake da ita. Ma'aunin da zai raba su da dillali shi ne inda kuɗin ya fito da abin da aka auna shi da shi: kuɗin mota ko goron godiya da iyali suka bayar da saninsu daban, kuɗin da cibiya take biya a kan kowane kai ba da sanin iyali ba daban. Jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000 ba ta buƙatar aro hujjar wannan bambanci daga waje, domin yana cikin babin cinikin da malamanta suke karantarwa.

Majalisar dokokin jiha da ke Dutse tana da hurumin yin irin wannan doka ba sai ta jira Abuja ba, kamar yadda Fulorida ta riga gwamnatin tarayyar Amurka da shekara 22. Sai dai tarihin Fulorida ɗin yana ɗauke da gargaɗi na biyu, domin dokar 1996 tana nan a rubuce duk tsawon shekarun da dillalai suka yi suna cin kasuwarsu a Palm Beach, kuma ba ta fara cizo sosai ba sai a 2016, lokacin da majalisar jihar ta ware kuɗi aka kafa rundunar da ta haɗa masu gabatar da ƙara da 'yan sanda da masu cibiyoyin kirki waɗanda dillancin yake kashe wa kasuwa, aka kuma buɗe layin waya da iyaye da majinyata za su kai ƙorafi. A masarauta mai ƙananan hukumomi takwas, inda uban da aka cuta ba zai so maƙwabcinsa ya ji ba, hanyar kai ƙorafi a asirce da jami'in da aka ɗora wa alhakin bin sa su ne sassan da ya kamata a fara tanada tun kafin a rubuta sashen tara da ɗauri.